Musun Mota a Rumfunan Sabo

Duk wanda ya saba zaman hira a unguwar nan tsakanin La'asar da Magariba ya san idan aka taɓo zancen mota, to shayi sai ya huce a kofi. Wanda bai taɓa mallakar ko keke ba sai ka ji yana rantsuwa Toyota ta fi Honda, mai Honda kuma ya ce hassada ce kawai. Da can mukan yi dariya mu wuce. Amma tun daga 2023 musun ya daina zama na nishaɗi. Ranar 29 ga Mayu ta wannan shekarar aka sanar da janye tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Dala kuwa ba sai mun ba kowa labari ba, 'yan canjinmu na bakin titi su ne shaida: daga wajen 750 ta tsallake 1,500 cikin ƙasa da shekara ɗaya. Motar da ake sayowa da dala, a biya kuɗin kwastan a kan farashin dala, ai dole ta bi sahu. Yau wanda ya kuskure wajen sayen mota, jarin shagonsa ne ya tafi.

Mu da muka haura hamsin, da Peugeot muka buɗe ido, Fijo kamar yadda bakinmu ya saba. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Kaduna, kuma 504 ta yi mulkin hanyar Arewa shekara da shekaru. A Legas ana haɗa Volkswagen, wadda maƙwabtanmu Yarbawa suke kira Ijapa, wato kunkuru, nan Ibadan kuma ga Leyland tana haɗa manyan motoci. Samarin yanzu idan suka ji muna yabon 504 sai su ce, "Baba, ai son tsohon abu ne kawai." To, ba mu ce ba ta lalacewa ba. Tana lalacewa ƙwarai, lagireto ya yi zafi, kafireto ya toshe. Abin da ya sa ta zama mota shi ne, in ta tsaya maka a Jebba ko Mokwa da tsakar rana, akwai bakanike a gindin bishiya da ya san cikinta kamar ɗakinsa, kuma abin da ya lalace yana rataye a shagon da ke kusa. Kafin ka idar da sallar Azahar ka ci abinci an tayar da ita.

Wannan shi ne ma'aunin da muke ganin masu musu suna mantawa. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari. Tun 1916 aka kafa Sabo, amma har gobe ba mu daina zuwa gida ba: Sallah, biki, ta'aziyya, kai amarya, ɗauko tsohuwa a kawo ta asibiti. Daga nan zuwa Kano ya haura kilomita 800, ta Oyo da Ogbomoso da Ilorin, sannan a haye Kwara a Jebba. Motar ɗan Sabo ba ta yawon Dugbe da Bodija kaɗai ba ce. Don haka idan aka ce mota kaza tana da ƙarko, mu abin da muke tambaya shi ne: a ina ake samun kayan gyaranta, kuma wa ya iya taɓa ta?

A nan Toyota ta ci kasuwa. Corolla da Camry da Sienna da Hiace, duk inda ka shiga a kasuwar kayan gyara ta Gate, ko Ladipo a Legas, za ka samu sabo da na hannu, mai tsada da mai araha. Ga shi kuma ranar da ka matsu da kuɗi, kafin dare ka sami mai saye. Ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mota a wurinmu rabinta abin hawa ce, rabinta ajiya. Masu Honda suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce: ta fi daɗin tuƙi, ta fi kama hanya, injinta yana da ƙarfi. Abokan musunsu sai su tuna musu da Accord ɗin da ake gani a gefen titi tayar gaba ta fice ta kwanta. Makanikai sun sha faɗa cewa yawanci rashin duba ƙafar mota ne da sa kayan jabu a kan ramukan hanyoyinmu, amma suna ya riga ya bi ta, kasuwa kuma suna take saye.

Zancen kyan jiki kuwa, a nan ne samari suka fi mu baki. Ku dubi sunayen da aka laƙaba wa motocin: Camry ta zama Big Daddy, ta bayanta ta zama Muscle, Accord ta 2003 aka ce End of Discussion, wai an gama magana, da aka ɗan sauya mata fitilun baya sai aka ce Discussion Continues, magana ta dawo sabuwa. Ko a sunan ma an nuna musun ba mai ƙarewa ba ne. Ba mu ga laifin mutum ya so abu mai kyau ba, mu ma muna son babbar riga mai aiki. Sai dai yanzu an fito da wata sana'a, a ɗauki motar 2008 a canja mata fuska da fitilu ta koma kamar ta 2015. In mai ita ya yi don kansa, ruwansa. In an yi don a sayar wa wanda bai sani ba, sunansa algus.

Nan ne maganar take zuwa ƙofarmu, mu da ake kawo wa sulhu bayan an sallame salla. Rigimar mota ta yi yawa a 'yan shekarun nan, kuma kusan duk kala ɗaya ce. An sayi tokumbo, wadda a gida ake ce wa 'yar Kwatano ko Beljiyam, an biya dillali la'adarsa, bayan wata biyu giya ta fara fizga, ko wayoyin ciki su rikice, fitilun gaban direba su kama walƙiya. A kai gareji, a ɗaga kafet, a tarar da tsatsa da busasshen taɓo. Ashe a can Amurka ambaliya ta shanye ta, kamfanin inshora ya fitar da ita gwanjo, aka sayo da araha, aka wanke, aka fesa turare. Wata kuma haɗari ta yi aka buga jikinta aka yi fenti, jakar iskar da ke cikin sitiyari babu ita. Mitar tafiya kuwa, mayar da ita baya aikin minti kaɗan ne.

Abin da muka karanta a fikihu a fili yake: wanda ya san aibin hajarsa wajibi ne ya bayyana, mai saye kuma in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Cewar da dillali yake yi, "Alhaji, ai ka gani da idonka ka saya," ba ta wanke shi in ya san abin da ke ƙarƙashin kafet. Amma wallahi sulhun yana da wuya, domin yawanci babu takarda, babu shaida, kuɗin kuma an riga an juya su. Mai saye ɗan unguwa, dillali ɗan unguwa, wataƙila ma sahu ɗaya suke tsayawa. Shi ya sa muke roƙo: kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, yaranmu masu waya sun iya bincika tarihinta a intanet in daga Amurka ta fito. A je da bakaniken da mai saye ya zaɓa, ba na mai sayarwa ba. A duba takardun kwastan da kyau, musamman tunda an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun farkon 2017. Sannan a rubuta ciniki, mutum biyu su sa hannu.

Sai sabon babin da ya shigo hira, motar lantarki. Ba labarin ƙasar waje ba ne kaɗai. A ƙarshen 2020 an nuna Hyundai Kona mai batir da aka harhaɗa a Legas, a Maiduguri kuma wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas su koma aiki da batir. Motocin Sin irin su BYD ma sun fara shigowa. Samarinmu sun yi lissafi, kuma lissafin nasu ba ƙarya ba ne. Batirin babbar Kona yana cin yunit 64 na wuta, ya kai ka kilomita ɗari huɗu da wani abu. Ko a kan farashin masu Band A, sama da naira 200 kowane yunit, bai kai 15,000 ba. Fetur ɗin da Corolla za ta sha a wannan tafiyar ya kusa ninka haka. Babu baƙin mai, babu fulogi, babu salansa.

Mu dai tambayarmu ta ɗazu muke maimaitawa. In ka bar Ojoo da batir cike, a ina za ka sake cika shi kafin Kaduna? A soket ɗin gida sai ta kwana ta wuni ba ta cika ba, ko da wutar ba ta ɗauke ba, mu kuwa mun san yadda wutar unguwar nan take. In kuma janareto za ka tayar ka yi caji, ai fetur ɗin da ka gudu ne ya biyo ka ta taga. Abin da ya fi damunmu ma shi ne ranar da waɗannan motoci za su fara zuwa a matsayin tokumbo. Bakanikenmu da kunne yake gane lafiyar inji, ya sa a taka totur ya saurara, ya duba hayaƙi. Wannan kuwa ba ta da ƙara, ba ta da hayaƙi. Batir shi ne mafi tsada a jikinta, yana raguwa da shekaru da zafi, kuma ba a ganin gajiyarsa sai da na'ura. Aibin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin kafet ya ba mu wahala, ina ga wanda ke rufe cikin akwatin ƙarfe.

Inda muke ganin za ta fara kama ƙasa shi ne cikin gari: Keke Napep da babur na haya da ƙananan bas masu zuwa Mokola su dawo, waɗanda suke kwana wuri ɗaya, a kafa musu sola ko wurin musayar batir. Wasu direbobinmu kuma sun bi ta tsakiya, sun sa tukunyar gas ta CNG a but, sun bar tankin fetur yadda yake saboda hanyar gida. Su ma kukansu layi ne a 'yan gidajen da ake sayar da gas ɗin, da kuma but ɗin da ya cike, babu inda za a sa buhun goro in za a je Sallah.