Wa Ya Ƙona Katin?

Ƴan uwana ɗalibai, ku saurari yadda muke ba da labarin na'ura idan ta samu matsala. Waya ta mutu. Caja ta ƙone. Allo ya ɗauke. Kwamfuta ta ƙi tashi. A duk jimlolin nan, abin da ya lalace shi ne a gaba, kamar shi ya ga dama ya yi wa kansa ɓarna. Wanda ya zauna ajin nahawu ya san tsarin da Parsons ya fitar a 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai. "Ƙona" yana neman wanda ya yi da abin da aka yi wa. "Ƙone" kuwa yana iya tsayawa shi kaɗai: kati ya ƙone, shi ke nan, a sayo wani. A shagon yayana da ke Madawa, wannan ƴar jimla ta ci jikka sittin da biyar cikin wata goma, tana kuma shirin cin wasu.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, a bakin hanyar da manyan motocin albasa ke bi. Ana buga takardu, ana fotokofi, ana haɗa wa masu neman aiki dosiye, ana tura wa samari waƙoƙi da fina-finai a memori. Amma kuɗin gaske yana cikin bidiyon biki. Yaya ya ɗauko, ya zauna ya yanka, ya haɗa, ya sa kiɗa, dangin ango su biya. Daga nan kuɗin motata zuwa Yamai ke fitowa, kilomita wajen 500, da na haya, da na fotokofin darussa. Kwamfutar irin ta tebur ce, okaziyo, wadda ta gama aikinta a wani biro na Turai kafin ta iso kasuwar Maraɗi. Domin aikin bidiyo aka ƙara mata abin da masu gyara ke kira kart girafik, ni kuwa a nan zan ce katin hoto. Wani ɗan faifai ne mai fankarsa, ana soka shi cikin uwar na'urar, shi ke lissafa duk ɗigon da ido ke gani a allo.

Katin farko ya tafi a watan Afrilu na 2023, tsakiyar bazara. Da farko ƴan ɗige-ɗige kore suka riƙa fitowa a kan fuskar amarya, daga baya layuka suka sauko daga sama har ƙasa, ranar ta uku allo ya yi baƙi. Mai gyara ya duba ya ce ya ƙone. Aka sayo na biyu jikka talatin.

Na biyun ya kai Satumba. Kun tuna lokacin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta, ga shi kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can take zuwa. Mu na tsakiya da gabas layin Katsina zuwa Gazawa muke sha, tashar hasken rana ta Malbaza kuma, da aka buɗe a 2018, megawat 7 ce kawai, rana na faɗuwa ta yi shiru. Kuran ya zo ya tafi, in ya zo ma wani lokaci ƙwan fitila ja yake yi kamar garwashi. Yaya ya shiga haɗin gwiwa da mai walda na kusa da shi, suna shan gurup ɗaya. Duk sanda mai walda ya ɗosa ƙarfe, fankar shago sai ta yi kamar za ta tsaya. Kati na biyu ya bi na farko. Wannan karon mai gyara ya gasa shi da iska mai zafi, ya farfaɗo kwana tara, ya sake mutuwa. Aka aika Sakkwato ta Ƙwanni da Illela, duk da iyaka a rufe take, aka kawo na uku jikka talatin da biyar.

Ni na iso gida a Fabrairu na 2024 da aikina a kai. Ina tattara maganar tsofaffin mata na Buza da ƙauyukan Keita, don in auna karin sauti a Adaranci. Littafin Bernard Caron na 1991 kan Hausar Adar shi ne madogarar kowa a wannan fage, amma an haura shekara talatin, ina son in ji abin da ya canza tsakanin kaka da jika. Na naɗo awa goma sha ɗaya, mafi yawa a bakin kakata da ƙawayenta, wasunsu sun ba tamanin baya. Wayata ta cika, sai na juye komi a kwamfutar shago. Da ita kuma nake buɗe Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka yi a jami'ar Amsterdam, kyauta, wadda ke zana murya a allo har ka ga inda ta hau da inda ta sauka. Ga mai wannan aiki, allo mai ƙarya ya fi allo baƙi haɗari. Zanen murya layuka ne da inuwa. In kati ya ƙara nasa layukan, ta yaya zan raba na kakata da nasa?

Sati biyu da zuwana na uku ya fara. Yaya ya kira ni daga cikin gida.

"Ke, taho ki gani. Katin ga ma ya ƙone."

"Yaya, wa ya ƙona shi?"

"Mi kike nuhi wa ya ƙona shi? Shina aiki lahiya lau, in na hwara bidiyo sai shi ɗauke. Haka waɗancan sunka yi."

Yana da biki biyu a hannu, an ba shi rabin kuɗi. Ya riga ya fara lissafin buhun albasa nawa zai saki daga rudu, tun farashi bai tashi ba, don ya sayi na huɗu. Na roƙe shi kwana uku.

Abin da na sani a duniya shi ne gwajin da aka koya mana a shekarar farko. In kana son ka san ko sauti biyu daban suke, sai ka samo kalmomi biyu da suka yi daidai a komi ban da wuri ɗaya. Kuka na itace da kuka na hawaye: baƙaƙe ɗaya, wasula ɗaya, karin gaɓar ƙarshe ne kawai ya sauka a na itacen. Wuya ta jiki da wuya ta wahala haka. Ka canza abu ɗaya, ka riƙe sauran, ka ga ko ma'ana ta motsa. Masu gyaran da suka taɓa kwamfutar nan kuwa, kowane ya zo sai ya canza kati, ya sake Windows, ya goge baret, ya juya waya, duk a zama ɗaya. In ta tashi ba a san abin da ya tashe ta ba.

Muka fara da allo. Muka zare wayarsa daga kwamfuta, muka danna maɓallin da ke fito da nasa rubutun. Tsaf, babu layi ko ɗaya. Muka ɗora shi a kan kwamfutar hannu ta wani malamin lakkwal, ya yi awa biyu bai yi gardama ba. Allo ya fita.

Sai waya. Irin mai shuɗin kai ce, VGA, mai ƴan allurai 15, ja da kore da shuɗi kowane da hanyarsa. Wannan ya kamata kowa ya riƙe, don yana hana asara: in allo ya rine gaba ɗaya ya koma ruwan ɗorawa, shuɗi ne bai iso ba, in ya koma ruwan hoda, kore ne ya yanke. Sau da yawa allura ɗaya ce ta lanƙwashe, wayar jikka ɗaya ta gyara abin da za a ce maka na jikka talatin ne. Tamu lafiyarta ƙalau, mun musanya ta da wata, layuka suna nan.

Bari in ɗan ratse, tunda mu masu rubuta Hausa muna da tamu matsalar allon. In ka buɗe takarda ka ga ƴan akwatuna a wurin ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kada ka bari kowa ya taɓa maka kati. Zubin haruffan ne ba shi da masu lanƙwasa. Ka sa Charis SIL ko Doulos SIL, akwatunan su watse. Na ga wanda aka karɓar wa kuɗin gyara a kan wannan.

Saura manhajar da ke tuƙa katin. Ita sai Windows ta tashi take fara aiki, saboda haka in layuka sun bayyana tun a tambarin farko, kafin Windows, ba ruwanta. Namu ba su fitowa a can. Ba su fitowa a buga takarda, ba su fitowa a Praat. Sai an ɗora bidiyo, minti goma ko sha biyar, sannan ɗige-ɗige, sannan duhu, wani lokaci kwamfutar duka ta mutu ta sake tashi da kanta. Mun sauke manhajar mun sa wata tsohuwa, ba abin da ya canza. Mataccen kati ba ya zaɓen aiki. Wannan yana lafiya in an bar shi ya huta, yana faɗuwa in an ɗora masa kaya. Ko zafi ne, ko yunwa.

Zafin mun gan shi da ido. Da muka buɗe murfi, abin da ke tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya katin ya zama kamar bargo, jan ƙasa da zaren tufafi sun dunƙule. Kwamfutar a ƙasa take, dab da ƙofa, ta sha hunturu guda tana shaƙar ƙurar kowace mota. Ma'aunin zafi ya nuna katin yana haura digiri 90. Muka busa, muka share da burushi, muka ɗora ta kan tebur. Ya sauko wajen 70. Yaya ya yi murna, ya ɗora bidiyo. Minti ashirin, duhu.

A nan ilimina ya tsaya, sai na tafi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bayan kasuwa, wanda yanzu rabin aikinsa haɗa faifan sola ne. Bai taɓa buɗe Windows ba a rayuwarsa. Na ba shi labari tun daga Afrilu. Bai tambayi sunan kati ko ɗaya ba.

"Ɗiyata, ukku a wuri guda?"

"Ukku, Baba."

"To kun bar jaki kuna bugun taiki. Mi ka ba su abinci?"

Ya zo da ƴar mitarsa. A bayan kowace kwamfutar tebur akwai akwatin ƙarfe da wayar bango ke shiga, masu gyara na ce masa alimantasiyo. Shi ke karɓar 220 na bango ya mayar da shi 12 da 5 da 3.3, ya raba wa kowa. Baba ya soka tsinken mita ɗaya a waya rawaya, ɗaya a baƙa. Kwamfuta na zaune, 11.8. Ƙa'ida ta yarda da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato daga 11.4 zuwa 12.6. Ya ce Yaya ya sa bidiyonsa. Muna kallo lamba ta fara gangarowa, 11.3, 11, tana rawa, ta taɓa 10.7, allo ya ɗauke.

A jikin akwatin an rubuta wat 240. An yi shi ne don kwamfutar biro mai buga wasiƙa cikin ɗaki mai sanyi. Ramin da ake soka kati shi kaɗai yana iya jan wat 75, ga shekaru, ga gurup ɗin mai walda. Baba ya kwance akwatin ya kai shagonsa, ya hana mu taɓawa, ya ce akwai abin da ke riƙe wuta a ciki ko an zare daga bango, yana iya kayar da ƙato. Ku ma kada ku buɗe. Da ya buɗe ya nuna mini wasu ƴan gwangwanaye da ake kira kondansatar. Aikinsu su tace wuta ta fito sumul. Kan lafiyayye a shafe yake. Huɗu daga cikin namu sun kumbura kamar fanke, ɗaya har ya yi dalalar wani abu ruwan ƙasa. Akwai ruwa a cikinsu da zafi ke busarwa, kuma masu ƙera su na lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Ku auna wannan da ɗakin kwano a Madawa cikin watan Mayu.

Ban wanke katunan sarai ba. Na okaziyo ne, ba wanda ya san wahalar da suka sha kafin su zo. Tun Satumba na 2022, da Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, waɗanda suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, kuma irin kasuwanninmu ne ƙarshen zangonsu. Ban kuma ce mai gyaran farko macuci ne ba. Katin da ya ce ya mutu, ya mutu ɗin. Shi dai kati yake sayarwa, akwatin wuta kuwa ba ya cikin hajarsa, kuma ba wanda ya biya shi don ya yi tambaya ta biyu.

A daren nan muka zare katin, muka mayar da wayar allo ramin uwar na'ura, wanda ke nan tun fil azal an rufe shi da ƴar roba. Bidiyo ba ya tafiya da kyau a kansa, amma buga takarda da Praat ba su nemi fiye da haka ba. Kafin in kwanta na juye awa goma sha ɗayan nan a kile biyu, ɗaya na ba Inna ta sa a cikin kwallarta.

Akwatin wuta mai wat 450 ya zo daga Maraɗi bayan kwana huɗu, jikka goma sha takwas. Bai shiga gidan tsohon ba, sai da Baba ya yi masa mazauni a waje ya ɗaure da waya, wayoyinsa na shiga ta gefe. Muni kam akwai shi. Aka ƙara regilatar tsakanin bango da kwamfuta, aka raba gari da gurup ɗin mai walda. Muka mayar da kati na uku, wanda aka riga aka yi wa ta'aziyya. Mita ta tsaya a 12.1, bidiyo ya yi awa ɗaya da rabi ya kammala. Na farko da na biyu mun gwada su su ma, ko motsi, suna cikin wani gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur.

Bikin biyu sun fita a makare da kwana shida, dangin ango ɗaya sun rage jikka biyar. Albasa ta zauna a rudu har farashi ya motsa. Wutar Najeriya ta dawo a watan Maris, bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi. Yanzu kowace Juma'a kafin a tafi masallaci yaron shago na buɗe murfi ya busa ƙura, Yaya kuma ya daina haɗa bidiyo tsakanin azahar da la'asar, sai dare. Ni ina kan awa ta bakwai a cikin sha ɗaya. Ɗaya daga cikin matan da na naɗa a wani ƙauyen Keita ta rasu da azumi, muryarta minti arba'in ce, ban kai kanta ba tukuna.