Harbi Uku Bai Isa Shaida Ba

Zuwa ga Edita,

Na tarar da abokaina biyu suna gardama, wai cikin sababbin bindigogin farauta wacce ta fi saiti tun fitowarta daga kwali. Ɗaya ya ce Weatherby Vanguard, don masu ita sun yi alkawari harsashi 3 za su taru cikin inci ɗaya daga nisan yadi 100. Ɗayan ya ce ai Tikka ta ƙasar Finlan ma haka take.

Na ce, ya 'yan'uwa, sa'a kaɗai tana iya tara uku. Ku harba 10, bututu ya ɗau zafi, sa'an nan a yi hukunci. Ni da harbi uku na yarda da tawa, har ran da na raunata barewa, na bi jininta zuwa magariba, ban same ta ba.

Haza wasalam.