Asmara, birnin bisa tudu inda keke ya zama gado

Duk wanda ya taso daga Masawa, a gaɓar Bahar Maliya, ya nufi Asmara, babban birnin Eritiriya, zai bar zafi mai dafa ƙwai a baya, ya yi ta hawa har kilomita ɗari da ƴan kai. Hanyar ta nannaɗe duwatsu kamar rawani, kwana bisa kwana, ga rami a gefe wanda ido ba ya son leƙawa. Masawa ba baƙuwa ba ce ga Hausawa, don ta nan wasu alhazan da, masu tafiyar ƙasa, suka riƙa ƙetarawa zuwa Jidda. Amma abin da matafiyi ya fi cin karo da shi a wannan hanya shi ne samari bisa kekuna, sun duƙa, suna yin hawan da manyan motoci ke yi da nishi.

Birnin yana sama da teku da mita 2,300 da ɗoriya. Baƙo in ya yi ɗan sauri sai haki, alhali jinin ɗan gari ya saba tun yana goye. Abin da ƴan tseren Turai ke kashe kuɗi su tare bisa duwatsu makonni don su samu, yaron Asmara a ƙofar gidansu yake samunsa. Turawan Italiya da suka mallaki ƙasar sun bar gine-ginen da suka sa UNESCO ta saka birnin cikin kayan tarihin duniya a 2017: gidan man Fiat Tagliero na 1938 mai fukafukai kamar jirgin sama, gidan silima na Impero, da shagunan kofi birjik. Sun kuma bar keke, har sunansa cikin harshen Tigirinya, bishkileta, daga bakinsu aka aro shi. Da farko tseren nasu ne su kaɗai. A 1939 wani ɗan ƙasa, Ghebremariam Ghebru, ya shiga ya tsere musu, tun daga nan kuwa abin ya wuce wasa. Ran tsere akan rufe tituna, jama'a su yi dafifi kamar ran hawan salla.

A wannan gari aka haifi Biniam Girmay ran 2 ga Afrilu 2000. Yana ɗan shekara 15 ya ga ɗan ƙasarsu Daniel Teklehaimanot sanye da rigar gwanin hawan dutse a tseren zagayen Faransa, wato Tour de France. A 2018 shi ma ya tafi cibiyar horon ƴan keke ta Aigle, a ƙasar Suwis. Sai dai Girmay ya saɓa wa abin da ake tsammani daga ɗan tudu: ƙarfinsa yana ga mita ɗari biyu na ƙarshe, inda ake rububi kafaɗa da kafaɗa.

Shekarar ɗan tsere irinsa ba tasa ba ce, ƙungiya ce ke yanka masa ita. Disamba da Janairu horo ne a Sipaniya. Cikin Maris sai Milan zuwa Sanremo, kusan kilomita 300 a yini guda, sannan tseren Beljik bisa hanyoyin da aka daɓe da duwatsu, ga ruwa, ga iska, ga sanyin da Asmara ba ta san irinsa ba. Yuli na Faransa ne. Tsakanin waɗannan yakan koma gida, ko da tafiyar ba ta da sauƙi ga ɗan ƙasar da fita daga cikinta sai da izinin hukuma, shiga Turai kuma sai da biza. Ran 27 ga Maris 2022 ya ci Gent-Wevelgem, abin da wani baƙar fata ɗan Afirka bai taɓa yi ba. Mako guda bayan nan ake babban tseren Filanda, kowa na zuba ido, shi kuwa ya hau jirgi ya koma wajen matarsa da ɗiyarsa. Wasu sun ga wauta, amma mutumin da ya yi watanni a ƙasar wasu ya san abin da ke riƙe da shi.

A watan Mayu na shekarar ya ci zango ɗaya a zagayen Italiya, murfin kwalbar murna ya buge shi a ido, dole ya janye. A 2024 ya ci zango uku a zagayen Faransa: Turin, Colombey-les-Deux-Églises, ƙauyen da aka binne Janar de Gaulle, da Villeneuve-sur-Lot, ya kuma kai koriyar riga har Nice.

Amma gudun ƙarshe sana'a ce marar tausayi, faɗin taya ke raba gwani da wanda aka manta. Shekarar 2025 ta ƙare bai ci ko tsere ɗaya ba, koriyar rigar ta koma hannun Jonathan Milan ɗan Italiya. A ƙarshenta ya bar Intermarché ya sa hannu da ƙungiyar NSN na shekara uku, ga Sanremo, wadda ta fi dacewa da ƙafarsa, har lokacin ba ta shigo hannu ba. Abin takaici ma, da aka kawo gasar duniya Afirka karo na farko, a Kigali cikin Satumba 2025, sai aka shata hanya mai hawan sama da mita 5,000, wadda ba ta yi da gwanin nahiyar ba ko kaɗan. Tadej Pogacar ya ci. Mutum 30 kaɗai suka kai ƙarshe, na talatin ɗin kuwa, Amanuel Ghebreigzabhier, ɗan Eritiriya ne.