Ranar da na yi wa kwabar Inna shuɗin fenti

Mai karatu, idan a gidanku akwai wata tsohuwar kwaba, ko sif, ko gadon katako da aka jingine a lungu saboda ana kunyar baƙi su gani, kuma ana jin nauyin a yar, to ni da ke muna da zance a wannan mako.

Kwabar da zan ba ki labarinta ta mahaifiyarmu ce, Allah Ya ji ƙanta. Tana cikin kayan ɗakin da aka kawo ta da su daga Kano zuwa Agege a 1979. Katakon maɗaci ne, nauyinta sai ƙarti huɗu. A cikinta muka tashi muka ga jeren tasoshi da samira da kwanukan tangaran da ba a taɓawa sai da salla. Muna yara Baba ya taɓa sa an shafe ta da fenti mai mai, ruwan madara, wai don ta dace da bangon ɗaki. Da aka zo rabon gado, kowa ya kai hannu ga abin da zai shiga jaka. Kwaba kuwa aka ce ni ce a kusa, in ɗauka.

Shekara uku tana baranda. Danshin Legas kin san shi, ba ya barin komai. Fentin ya kumbura, ya dinga ɓarewa yana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Maigida ya yi maganar a ba 'yan gwangwan har sau biyu. Ni kuwa duk sanda na buɗe ƙofarta sai in ji kamar ƙanshin turaren wutan Inna bai gama fita ba. Sai na yanke shawarar in sake mata fenti, kuma ba ruwan ƙasa ko ruwan madara ba. Launi nake so mai ɗaukar ido, ruwan ɗorawa, wanda duk wanda ya shigo falo sai ya kalla.

Da na gaya wa Yayata a waya sai ta yi shiru, can ta ce, “Yanzu ke kwabar Inna za ki mayar kamar motar haya? Abin da ya rage mana ke nan fa.” Na ce, “Yaya, gara ce za ta cinye ta a baranda in ban yi ba.” Ta ce in yi abin da na ga dama. Kin san irin wannan izinin, ya fi hani ciwo.

Ranar wata Asabar na sayo samfefa, na ɗaura zani, na fara gurza. Ƙura ta tashi fari fat. Autana, ɗan wata goma sha takwas, yana zaune kusa da ni yana tsintar ɓarɓashin fentin. Maƙwabciyata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta fito shanya. Ko sallama ba ta gama ba ta sure yaron, ta sa yatsa a bakinsa ta zaro wani ɓallin fenti. Ta ce, “Maman yara, ajiye takardar nan. Kin san shekarun fentin nan kuwa?”

A wurinta na fara jin cewa tsohon fenti mai mai yakan ƙunshi dalma. Masu haɗa fenti kan zuba ta don launi ya fito kuma ya bushe da wuri. Amurka ta hana amfani da irinsa a gidaje tun 1978, amma a ƙasashe irin namu an daɗe ana sayar da shi bayan nan. Muddin fentin na manne lafiya, haɗarinsa kaɗan ne. Idan ya fara ɓarewa, ko aka gurje shi a bushe, sai ya zama ƙurar da ke sauka a tabarma da hannun yaro da abin wasansa. Ɓallin kuma yana da ɗan zaƙi-zaƙi, shi ya sa yaro in ya ɗanɗana sai ya ƙara.

Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Can daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira shi marar illa. Ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, ta jawo ƙarancin jini, kuma sau da yawa babu zazzaɓi ko wata alama da uwa za ta gani. Mai juna biyu ma tana iya miƙa ta ga abin da ke cikinta. Gwajin jini ne kaɗai ke nunawa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin yaron ya fi wata shida yana rarrafe a gindin kwabar nan. Ranar Litinin muka je asibiti, sai da aka tura mu wani ɗakin gwaji daban kafin a samu masu yi. Sakamako ya fito da sauƙi, alhamdu lillahi. Likita ya ce a raba shi da wurin, a kula da wanke masa hannu kafin cin abinci, a kuma ba shi abinci mai gina jini da ƙashi, irin su wake, ganye, kifi da madara, domin jikin da ya rasa waɗannan ya fi saurin zuƙar dalma.

Ban fasa aikin ba, hanya na sake. Na jira har hunturu ya shigo a Disamba, lokacin da fenti ke bushewa da kyau. Na kai yara gidan kakarsu ta wajen uba na kwana uku. Muka fitar da kwabar fili, muka shimfiɗa babbar leda a ƙarƙashinta. Wani dattijon kafinta a layinmu ya taya ni. Muka rufe hanci da baki, muka dinga jiƙa katakon da ruwa kafin mu kankare inda ya ɓare, don kada ƙura ta tashi. Ya so ya babbake fentin da wuta kamar yadda suka saba, na ce, “Baba, a yi haƙuri, hayaƙin ya fi ƙurar illa.” Da muka gama na naɗe ledar da dattinta na ƙulle, na goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, na wanke kayan jikina su kaɗai.

Sai maganar launi. Ashe cikin fenti mai mai, masu launi mai haske irin ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo su aka fi samu da dalma mai yawa. Ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai ita ce kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Don haka ki karanta jikin gwangwani, ki nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma, ki guji na awo da ake ɗurawa a gorar ruwa babu suna. Ni dai na haƙura da ruwan ɗorawa, na ɗauki fenti mai ruwa da aka yi don katako, shuɗi irin na bula. Muka fara da shafin farko wanda ke sa sabo ya kama jikin tsoho, sannan shuɗin sau biyu, da kwana guda a tsakani. Hannayen ƙarfen na goge su da toka da lemon tsami. Cikin kwabar kuwa ban taɓa shi ba, domin fentin Baba bai kai can ba, katakon Inna ne yadda yake.

Da ƙaramar salla Yaya ta zo. Ta tsaya a ƙofar falo ta daɗe tana kallo, ni kuma gabana na faɗuwa. Ta matsa ta buɗe ƙofar kwabar, ta ga tasoshin Inna a jere, ta shaƙi iskar ciki. Sai ta ce, “Ai Inna ma da shuɗin mayafinta take zuwa ko'ina.” Ba ta ce ya yi kyau ba har yau, amma da za ta tafi ta tambaye ni inda na sayi fentin, wai akwai teburin Baba a wurinta.

Saboda haka uwargida, kada ki yi saurin rabuwa da tsohon katako, irinsa ya yi wuya a kasuwa yanzu, kuma launin da ranki ke so ba rashin kunya ba ne ga masu shi na farko. Amma kafin ki ɗauki samfefa, ki fara duba inda yaranki suke. Allah Ya raya mana su cikin lafiya, Ya ji ƙan iyayenmu.