Cocin Mai Masaƙa a Saltaire

Idan aka ce cocin zamanin Sarauniya Biktoriya, ni hasumiya mai tsini kamar mashi nake hangowa. A Saltaire, garin ma'aikata da ke kwarin kogin Aire kusa da Bradford a arewacin Ingila, babu wannan. Hasumiyar cocin garin zagayayya ce, da 'yar ƙubba a ka, ƙofar kuma ginshiƙai sun yi mata rabin da'ira, salon ginin Italiya. Da ba a faɗa mini ba, da na ce kotu ce.

Attajirin masaƙa Titus Salt ne ya ba da kuɗin, masu zanen gine-gine Lockwood da Mawson suka zana, aka buɗe a 1859. Su ne kuma suka zana masaƙarsa ta 1853, inda a da ake saƙa gashin alfaka, wata dabbar Kudancin Amurka. Ga masaƙa, ga coci, titi ɗaya ne tsakani. Salt ba ɗan Cocin Ingila ba ne, yana cikin ɗariƙar da kowace majami'a ke tafiyar da al'amuranta da kanta.

Da farko abin bai zama baƙo gare ni ba. Mu ma Alhaji in ya samu, yakan gina masallaci a ƙofar gida don neman lada. Amma Alhajinmu ba shi ne mai gidan hayar duk masu bin sahu ba, ba kuma shi ke biyan su albashi ba. A nan gidajen na Salt ne, makaranta da asibiti shi ya gina, wasu titunan sunayen 'ya'yansa ne, mashaya kuwa ya hana. Sai na riƙa tunanin masaƙin da barci ya fi ƙarfinsa ranar Lahadi: nauyin wa yake ji, Allah ko maigida?

A cikin cocin na shafa wani ginshiƙi ina yaba marmara, ashe farar ƙasa ce aka rina aka goge har ta yi sheƙi. Ana ba da labari cewa uwargidan Salt, Caroline, ta nemi a yi wa iyalin wurin zama a sama. Ya yi mata, sannan ya rataya manyan fitilu biyu da suka tare gani, shi kuma ya zauna ƙasa cikin ma'aikata.

Ya rasu a 1876, kabarinsa na cikin wani ɗaki manne da cocin. Masaƙar ta daina aiki a 1986, yanzu zane-zanen David Hockney ake zuwa kallo a cikinta.