Masu kisa suna da kabari da suna, waɗanda aka kashe fa?

A ƙasar Beljiyam akwai wani tsohon sansanin soja mai suna Breendonk. Da Jamusawan Hitila suka mamaye ƙasar daga 1940 zuwa 1944, sai suka mayar da shi kurkuku, suka azabtar da 'yan gwagwarmaya a ciki, suka harbe wasu, suka rataye wasu. Tun 1947 aka ware wurin domin tunawa da su. Har gobe ana kai 'yan makaranta su ga inda aka yi kisan, su karanta sunayen mamatan.

Ni malamin makaranta ne a Hawandawaki. Duk shekara idan na zo darasin zuwan Turawa, wurin nan yakan faɗo mini a rai, domin mu ma an yi mana irin wannan ta'asa. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni. Da suka iso yankinmu na Tasawa, har yara mata aka rataye a itatuwan Koran Kalgo. Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya taka musu burki, Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Dankori ranar 14 ga Yuli. Kwana uku bayan haka sojojinsu sun riga sun kashe su duka biyun. Kaburburansu suna Maijirgi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ɗalibaina suna iya rubuta sunan Voulet ba kuskure, amma ba wanda zai iya ambaton sunan manomi guda da ya tsaya da kwari da baka ya mutu a ƙofar garinsu. Littafin da muke koyarwa da shi bai kawo su ba. Ɗan abin da ya rage yana bakin tsofaffi, su kuma kullum raguwa suke.

Na san wasu iyaye za su ce addini bai yarda da gini a kan kabari ko kafa gunki ba. Ni ma ban nemi haka ba. Rubuta suna da yi wa mamaci addu'a ba su saɓa wa komai ba.

Don haka, malamai 'yan'uwana, mu ba yara aikin gida: kowa ya zauna da kakansa, ya tambaye shi abin da ya ji daga nasa kakannin, wane gari aka ƙone, wa ya faɗi, ina aka gudu. Iyaye kuma ku buɗe musu baki. Abin da aka tara a rubuta shi da Hausa, a ajiye kwafi a makaranta, kwafi wurin mai gari, a riƙa karanta sunayen a aji kowace shekara.

Allah Ya jiƙan magabatanmu.