Farar Fata a Matsayin Kadara: Tafarkin Cheryl Harris

A shekarun 1930, wata baƙar Ba'amurkiya mai hasken fata, wadda ta baro jihar Misisipi zuwa birnin Shikago, ta sami aiki a wani babban kanti da ba ya ɗaukar baƙaƙe. Kullum da safe takan shiga a matsayin Baturiya, ta wuni tana jin abokan aiki suna aibata jinsinta, ba halin ta tanka, domin abincin 'ya'yanta ya dogara ga shirun nan. Da labarin wannan kaka tata Cheryl Harris ta buɗe maƙalarta ta 1993 a mujallar shari'a ta Jami'ar Harvard.

Harris lauya ce tun kafin ta zama malama. Ta yi aikin lauya a Shikago, ta fara koyarwa a can, daga bisani ta koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Hujjarta ita ce, dokar Amurka ta riƙi farar fata a matsayin kadara: mai ita yana cin moriyarta, yana kuma da ikon katange wasu daga gare ta. Ashe abin da kakar ta yi, a idon wannan tsari, kutse ne cikin gonar wani.

Ƙarfin aikin yana cikin tsofaffin shari'o'in da ta tono. A 1823 Kotun Ƙoli ta hukunta cewa 'yan asalin ƙasar ba su da ikon sayar wa ɗaiɗaikun mutane ƙasarsu. A 1896 lauyan Homer Plessy, mutumin da kashi bakwai cikin takwas na asalinsa Turawa ne, ya yi jayayya cewa a san mutum da Bature dukiya ce, kuma fitar da shi daga taragon Turawa ƙwace ne. Plessy ya faɗi shari'ar.

Tun a 1662 dokar Bajiniya ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, sai ubangiji ya wayi gari yana mallakar ɗan cikinsa. Manazarcin tarihin ƙasar Hausa zai ga bambanci nan take, domin a fiƙihun Malikiyya ɗan da ubangiji ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne mai gado. Sai dai cucanawa sun gaji bauta, kuma tambayar Harris, wato wa ke da ikon mallaka, wa kuma ake mallaka, ta shafi rinji kamar yadda ta shafi gonar auduga.